Filasta Daga Bayan Ƙofa

Bari in fara tona asirin kaina kafin in taɓa na wani. Shekara biyu ke nan rabona da takalmi mai igiya. Ina ce wa mutane silifas ya fi shan iska, alhali sunkuyon ne ba na so a gani, don sai na yi wani ɗan nishi da bai dace da magidanci ba. Saboda haka duk wanda ya zo da niyyar yi wa Kafinta dariya, ya sani ba da ni za a yi ba. In ban da wuri biyu ko uku.

Kafinta shekararsa arba'in da bakwai. Yana da shago a ƙarshen layi, da gemun da furfura ta ci rabinsa, da 'ya ɗaya a gidan miji. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, tun daga nan bai ƙara yi wa kowa kallo biyu ba sai katako.

Wata safiya yana ɗaga ƙyauren da ya ɗaga irinsa ya fi sau dubu, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya tsaya a sunkuye kamar mai neman allura, har sai da maƙwabcinsa ya zo ya karɓi ƙyauren. Likita ya duba, ya ce ƙashi lafiya lau, nama ne ya ɗaure. Ya tura shi ɗakin gashin ƙashi.

A can ya haɗu da Auta. Sai da ya yi zuwa uku kafin ya ga fuskarta da kyau.

A asibiti Sista ake ce mata, a gida kuwa Auta, ko da yake shekararta talatin da huɗu. In ta gama gasa masa ƙugu da fitila, ta sa shi ya lanƙwashe ya miƙe har ya yi gumi, sai ta ce ya zauna a bakin gado, ya sunkuya, ya fuskanci bango. Daga nan kunnensa ne ke yi masa aikin ido.

Zai ji ta ja durowa. Zai ji almakashi ya yi babban yanka sau uku, sannan ƙananan yanka, tana zagaye kusurwoyi. Zai ji ta yaga takarda. Sai wani abu mai sanyi ya sauka a ƙasan ƙugunsa, ya hau sama ta gefen ƙashin baya, ɗaya dama, ɗaya hagu, na uku ya gitta su a daidai inda ciwon yake. Ƙarshe ta goga da tafin hannu har wurin ya ɗau ɗumi.

Ranar farko ya ce, "Mece ce wannan ɗin, Sista? Ni ban yanke ba."

Ta ce, "Filasta ce mai miƙewa, irin wadda kake gani a jikin 'yan ƙwallo. Tana ɗan ɗaga fata, ta rage maka zafi, ta dinga tuna wa bayanka ya bi a hankali. Kwana huɗu take yi, har wanka za ka yi da ita."

"To na warke ke nan."

"Ba ka warke ba. Ba magani ba ce. Maganin shi ne motsa jikin da na koya maka, wanda na ga alamar ba za ka yi ba."

Ya yi kuwa. Safe da yamma yana kwance a kan tabarma a shago tsakanin bencuna yana jan gwiwa zuwa ƙirji, masu wucewa suna tambaya ko lafiya.

A jikin bangon da yake fuskanta akwai hoton ƙwarangwal, yana ta washe haƙora. Wata huɗu Kafinta yana kallonsa. Ƙwarangwal ɗin ne ya fara jin labarin marigayiya, shi ya ji labarin jikar da ake jira, kuma shi Kafinta yake kallo ido cikin ido ranar da ya ce, "Sista, ni fa aurenki nake so in yi."

Almakashin ya tsaya.

Ta gama liƙawa. Ta goga, ta sauke masa riga, sannan ta ce, "Daga yau abokin aikina ne zai dinga duba ka."

"Na yi laifi ke nan?"

"Ba ka yi ba. Amma ba na duba mutumin da zai je gidanmu ya gaida Umma ranar Lahadi."

* * *

Ranar Lahadi da la'asar ya sa rigarsa mafi kyau ya tafi.

Falon ƙarami ne, da kujeru masu taushi waɗanda mutum ke nutsewa a ciki. A kusurwa akwai keken ɗinki an lulluɓe shi da zane. Kusa da taga Baba yana zaune, tsohon tela, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama shekara uku da suka wuce. Hannunsa na hagu yana kan cinyarsa kamar ba nasa ba, magana kuma sai ya yi kokawa kafin kalma ɗaya ta fita.

Umma ta ajiye wa baƙo ruwa, ta zauna, ta auna shi tun daga hula har ƙafa.

"Shekararka nawa?"

"Arba'in da bakwai, Umma."

"Umma? Ai da Yaya ka ce, da ya fi kusa da gaskiya. A ina kuka haɗu?"

"A asibiti."

"Aiki kake yi a can?"

"A'a. A kaina ake yin aikin."

Baba ya yi wani sauti da zai iya zama tari. Umma ba ta yi dariya ba.

Ana cikin haka aka yi sallama, turare ya riga mai shi shigowa. Injiniya ne, ɗan aminiyar Umma, saurayi mai faffaɗan ƙirji, hannun rigarsa kamar zai yage. Shekara guda ke nan yana neman Auta, Umma na so, Auta na cewa tukuna.

"Sannu Kawu," ya ce wa Kafinta. "A'a, kada ka tashi, yi zamanka."

Ya juya wajen Baba. "Baba, an gaji da zama ko? Mu je a kwanta." Ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi, ɗaya a baya, ya ɗauki tsohon cak kamar jariri, ya shige da shi ɗaki. Umma ta bi shi da ido tana ta sa albarka.

Kafinta ya ga lokacin tafiya ya yi. Sai dai kujerar ta haɗiye shi. Ya dafa gwiwa, ya dafa hannun kujera, ya yunƙura, nishin nan da na gaya muku ya fito fili, a gaban kowa.

Umma ta jira har ya gama miƙewa.

"Malam," ta ce, "ba ni da komai da kai, ga ka mutum mai kunya. Amma ina da majinyaci ɗaya a gidan nan, ba zan ɗauki na biyu in ɗora wa 'yata ba. Kada ka ƙara wahalar da kanka da zuwa."

Auta tana tsaye a bakin kicin da faranti a hannu. Ta ce, "Umma!"

"Na gama magana."

* * *

Sati uku ba su ga juna ba. Abokin aikinta yana liƙa masa filasta, yana gogawa kamar mai wankin mota. Ƙwarangwal yana nan yana dariyarsa.

Ranar wata Laraba da yamma, yana goge ƙafar tebur da sanfefa, ya ɗago ya gan ta a bakin shago, da jakar aiki a kafaɗa. Idanunta sun kumbura.

Ya share mata benci da gefen rigarsa. "Zauna."

"Ba zama na zo ba. Zuwa na yi in ce ka haƙura da ni."

"Ke ce kika haƙura, ko Umma ce ta aiko ki?"

Hawaye suka zubo. "Kullum kuka take yi. Ta ce yayyena duk sun tafi, kowa na can da iyalinsa, ni kaɗai na rage mata. Ta ce in na auri wanda ba zai iya ɗaga Baba ba, na kashe su su biyu. Ta ce ita ba dukiya take nema ba, hannu take nema."

"Gaskiyarta," Kafinta ya ce. "Ni ma da ni ne uwarki, da Injiniya zan zaɓa. Ni kaina ranar na so ya ɗaga ni daga kujerar nan."

Ta yi dariya cikin kuka, ta goge hanci da gefen mayafi. "Ka daina, don Allah. Da gaske nake."

"To da gaske. Kina son sa?"

"Ba shi da laifi."

"Ƙofar bayan gida ma ba ta da laifi. Kina son sa?"

Ta girgiza kai. "Ba ya jin abin da nake faɗa. In ina magana agogonsa yake kallo, yana ƙirga takun da ya yi a ranar. Kai kuwa na gaya maka sau ɗaya cewa teburina na rawa, washegari ka zo da ɗan katako a aljihu."

"To me ya sa za ki ce in haƙura?"

"Don uwata ce! Me kake so in yi? In bar ta da shi? Ka san sau nawa ake ɗaga shi a rana?"

"Sau nawa?"

Ta juya za ta tafi.

Makullinta ya suɓuce ya faɗi cikin dusar katako. Kafinta ya tsaya yana kallo. Ba ta sunkuya ba. Ta dafa bencin da hannu ɗaya, ta lanƙwasa gwiwoyi, ta sauka a miƙe kamar mai tallar ƙwai, ta ɗauka, ta taso tana cije leɓe.

Masu ciwon baya sun san junansu ko a cikin taro.

"Auta, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Ƙugunki."

"Lafiyata ƙalau."

"Wa yake liƙa miki filasta?"

Ta gyara jakarta. "Ni ce mai liƙa wa mutane. Sai an jima, Malam Kafinta. Ka yafe min."

Ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Tafiya take yi a hankali, ta gefen bango.

* * *

Ranar Asabar da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Lambar Auta ce, muryar kuwa ta Umma.

"Malam, kana kusa? Ka zo. Na kira Injiniya, ya ce yana wajen aiki a wani gari sai yamma. Ita ce ta ce shagonka ya fi kusa. Ka zo kawai."

Ya bar shagon a buɗe.

Ya tarar da Baba rabi a kan gado, rabi a ƙasa, ya riƙe zanin gado da hannunsa mai lafiya, idanunsa cike da hawaye. Auta ce ta zo mayar da shi kan kujera bayan wanka, bayanta ya riƙe, ta samu da ƙyar ta jingina shi, ita kuma ta ja jiki da rarrafe zuwa ɗakinta ta tura ƙofa.

Kafinta ya dubi Baba, ya dubi gadon. Gado ne mai kyau, amma gajere, bai kai gwiwar mutum ba.

"Umma, ni ba zan iya ɗaukarsa ba. In na gwada, majinyata uku za ki kwana da su. Kawo wancan bargon."

Suka cusa bargon a ƙarƙashin Baba. Ya nuna mata inda za ta kama, ya ce ta lanƙwasa gwiwa, kada ta sunkuya. Suka ja tare, kaɗan kaɗan, sau huɗu, har tsohon ya kwanta daidai. Babu kyan gani a aikin, Umma ɗankwalinta ya zame, shi kuma ya yi nishin da ya saba, amma an yi.

Umma ta nufi ɗakin 'yarta. Shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya mata baya, ya fuskanci bangon falo.

"Auta," ya ɗaga murya, "ƙafafunki fa? Kina jin su? Ba su yi nauyi ba?"

Daga ciki ta ce, "Ina ji. Nama ne. Na sha ƙwaya, zai saki. Ka tafi abinka, na gode."

"Umma, ki duba jakarta ta aiki. Akwai wani abu a naɗe, shuɗi."

"Umma, kada ki taɓa! Ba komai, na ce."

Ya ji an zuge jaka. Ya ji muryar Umma tana cewa, "Juya nan. Juya, na ce, ni na haife ki, me za ki ɓoye min?" Ya ji 'yar kokawa, da ƙarar tufa. Sai shiru.



"Innalillahi," Umma ta ce a hankali. "Auta, mene ne wannan? Wa ya yi miki wannan liƙin a karkace? Ɗaya a kan ɗaya. Ji fatar nan yadda ta yi ja, duk ta saɓule."

"Ni ce. Da madubi."

"Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi."

"Shekara ɗaya da rabi muna gida ɗaya?"

"To wa zan gaya wa, Umma? In na gaya miki, ke za ki ɗaga shi? Sau shida a rana. Sallar asuba, wanka, bayan gida, abinci, kujera, kwanciya. Injiniya yana zuwa ranar Lahadi, ya ɗaga shi sau ɗaya, ki yi ta sa masa albarka har ya kai mota. Ni ban taɓa jin kin ce sannu ba. Ba don ba kya so na ba, na sani. Don ba kya gani ne, na saba yi tun kafin ki shigo ɗakin."

Kukan Umma ya fito, irin na manya, mai ƙarfi da gajeren numfashi.

"Tsoro nake ji, Auta. Wallahi tsoro. Kullum in na kwanta sai in ce, ran da yarinyar nan ta tafi, ya zan yi da mutumin nan? Shekara arba'in bai taɓa bari na ɗauki ko bokiti ba. Na ga yaro mai ƙarfi, na ce shi ke nan, Allah ya kawo mana hannu. Ban taɓa tambayar naki hannun ba."

"Ki daina kuka, Umma."

"Ke ma ki daina."

Ba wadda ta daina. Kafinta yana tsaye yana karanta kalandar bara da ke rataye a bango.

Can Umma ta fyace hanci, ta ce, "Ke, gaya min yadda ake liƙa abin nan."

Auta ta cusa fuska a filo, sai shessheƙa.

"Malam," Umma ta kira, "kai da aka yi ta liƙa maka, ka iya?"

Kafinta bai taɓa ganin filastar nan a jikinsa ba, ko sau ɗaya. Mutum ba ya ganin ƙugunsa. Amma an liƙa masa sau talatin da wani abu, kuma babu wanda ya taɓa sauraron wani aiki kamar yadda ya saurari wannan.

"Na iya, Umma. Fara cire tsohuwar. Kada ki fizge, ki danne fatar da yatsa ki dinga ja a hankali, a kwance, kamar kina ɓare takarda daga jikin sabon fenti. Inda fata ta yi ja, kada a sake liƙawa a kai."

"To."

"Ki goge wurin da tsumma mai ɗan ruwa, ya bushe ƙarau."

"In shafa mata man zafi tukuna?"

"A'a! Ko ɗigo. In akwai mai, ba za ta kama ba. Kamar gam ne a kan katako mai maiƙo."

"Kai komai sai ka kai shi katako."

"Shi kaɗai na sani, Umma. Sai almakashi."

Umma ta fito, ta wuce shi ba ta kalle shi ba, ta ɗaga zanen da ke kan keken ɗinki, ta ɗauko wani babban almakashi mai baƙin hannu, ta koma.

"Ki yanka biyu, kowanne tsawon tafin hannu biyu. Na uku ya ɗan fi su gajarta."

Yanka ɗaya. Yanka biyu. Ƙarar ta cika gidan, ƙarar ƙarfe mai kaifi da ya daɗe bai ci komai ba.

Daga ɗayan ɗakin wata murya ta taso, a kausashe, amma kowane harafi a wurinsa.

"Almakashina!"

Shekara uku ba a ji kalma ta fita daga bakin Baba a tsaye haka ba.

Umma ta ɗaga murya. "Naka ne, tela! 'Yarka nake yi wa ɗinki. In ba ka so, taso ka karɓa!"

Aka ji sautin nan mai kama da tari. Har Auta ta yi dariya a cikin filo, ta ce wayyo bayana.

"Yanzu kusurwoyi," Kafinta ya ce. "Ki zagaye su duka, kada ki bar tsini. In da tsini, tufa za ta kama ta ɓare."

"Wannan ai na fi ka sani. Matar tela ce ni."

"Ta iya zama? To ta zauna a bakin gado, ta sunkuya iya yadda za ta iya, kada ta matsa wa kanta. Sai fata ta miƙe ake liƙawa."

Ya rufe ido. Ya nemo wurin a jikinsa, inda sanyin nan ke fara sauka.

"Ki auna daga inda zane ke ɗaurewa, ki hau sama kamar tafin hannu guda. Nan za ki fara. Ki yaga takardar da ke bayan filastar daga baki ɗaya, ki manna bakin haka nan, kada ki ja. Sannan ki bi gefen ƙashin baya zuwa sama, ba a kan ƙashin ba, gefensa. Kaɗan za ki ja, kamar kina gyara wa jariri hula. Ƙarshen ma ki ajiye shi ba ja."

"Na yi. Sai kuma me, ɗan nan?"

Kafinta ya buɗe ido. Ya dubi kalanda.

"Sai ɗaya gefen, kamar haka. Na ukun kuma a tsakiya za ki yaga takardar, ki riƙe da hannu biyu, ki ja rabin ƙarfinta, ki gitta a tsakiyar waɗancan. Bakunan ki sake su su kwanta da kansu."

"Sun kwanta."

"To ki goga da tafin hannu. Ki yi ta gogawa har ki ji ɗumi. Ɗumin ne ke sa ta kama."

Ya ji sautin, tafin hannu a kan filasta, a hankali, sama da ƙasa. Minti ɗaya ya isa aikin. Umma ta yi biyar ba ta daina ba. Tana gogawa tana cewa, "Sannu. Sannu, Autata. Sannu."

Bai ce mata ya isa ba.

Da ta fito, idanunta jajaye, almakashin na hannunta. Ta tsaya a gabansa.

"Ta ce ta ji sauƙi."

"Alhamdulillahi."

"Amma har yanzu ba za ka iya ɗaga shi ba."

"Ba zan iya ba, Umma, ba kuma zan yi miki ƙarya ba. Amma ba sai an ɗaga shi ba. Gadon nan ne ya yi ƙasa, shi ke cin bayanta. Zan ƙara masa ƙafa ya yi daidai da kujera. In kafa ƙarfe a bango inda hannunsa na dama zai kama. In yi wani katako mai santsi da zai dinga zamewa a kai daga gado zuwa kujera, ke kaɗai ma kya iya. Bayan gida ma haka. Kwana uku ya ishe ni."

"In ka gama sai ka ɗauke min ita."

"Daga ƙofata zuwa taki minti shida ne. Da bayana. Mai lafiya huɗu zai yi."

Umma ta juya almakashin a hannunta, ta dubi ɗakin Baba.

"Tela, ka ji abin da yake cewa?"

Aka buga gefen gado sau biyu da hannu.

Ta juyo wajen Kafinta. "Kana da wani babba, ko kai ne babban kanka?"

"Ina da yaya, Umma."

"Ka ce ya zo ya ga maigidan ranar Lahadi. Uwar Injiniya kuwa ni na san yadda zan yi da ita, sai dai ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba. Kai kuma gobe ka zo da abin awonka. Kada ka sake ka zauna a kujerar can, ba mai ɗaga ka."

Kafinta ya fito rana tsaka, bai ji zafinta ba. A hanya ya gaida mutanen da bai sani ba. Ya tarar da shagonsa a buɗe yadda ya bar shi, maƙwabcinsa na zaune a ciki, ya kwashe labari duka ya ba shi, yadda ya tsaya a bayan ƙofa, bai ga komai ba, da kunne kawai, ya tayar da ma'aikaciyar asibiti guda daga kwance. Har yau in aka taɓo zancen sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya bayar da shi daga farko.

Filastar kuwa, tafin hannu guda sama da inda ke ciwo aka liƙa ta. Auta ta sani tun daga mannawar farko, ta bar ta a wurin kwana huɗu.